Neman Mai Ɗorawa

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, mu uku a cikin tsohuwar motar ƙanena. Shi ne a sitiyari, ni a gefensa, sai wani mai injin yanka itace da muka ɗauko a kujerar baya, ya rungume injinsa a cinya kamar jinjiri, wai ba ya yarda a sa masa shi a but. Abin da ya fitar da mu ba wani dogon abu ba ne. A ƙauyenmu, can tsakanin Funtuwa da Malumfashi, akwai tsohuwar ɗorawa a jikin dangar gidan kakanmu, kuma iskar bara ta tsaga ta daga inda manyan rassanta biyu suka rabu. Ɗaya reshen, mai kaurin turmi, ya rankwafo daidai kan ɗakin da Gwaggo take kwana. Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage mana a cikinsu, ta kuma ce ita ba ta canza ɗaki da tsufanta. Ga damina ta ƙarato. Shi ne mu 'ya'yan gidan da ke birni muka yi shawara a waya cewa a je a kayar da itacen kowa ya huta. Ni aka wakilta, saboda an san ba na son jan magana. Da zan fita har na ce wa matata ta ajiye min tuwon dare.

Hanyar Funtuwa tana nan yadda kuka san ta. Daga Shika zuwa Giwa rabin tuƙin kauce wa rami ne, rabin kuma kauce wa tirelolin da ke kauce wa ramin. Gari na wayewa muka fara ganin manoma a gonaki, ana ta sharar gona, ga tulin taki an jejjera, ga hayaƙin kara yana tashi nan da can. Ƙanena yana ta yabon yadda mutane suka himmatu, ni kuwa idona yana gabas. Wani siririn gajimare na hango, wanda a wata shekarar da na yi masa murna, amma ran nan reshen nan kawai nake gani a kan rufin Gwaggo.

A Funtuwa muka tsaya karyawa, kusa da inda motocin masara suke lodi. Garin ya riga ya tashi, 'yan keke da 'yan acaɓa suna ta rububin fasinja, ga buhunan hatsi an gina su kamar katanga. Shayi da burodi da wainar ƙwai muka sa aka yi mana, kuma na lura burodin ya rame tun zuwana na baya, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Ina cikin kurɓar shayi mai injin ya juyo ya ce, “Alhaji, takardar tana hannunka dai ko?”

Na ce, “Wace takarda?”

Ya ajiye kofinsa. Ya ce takardar izinin kayar da itace. An taɓa kama masa inji a kan wata kaɗanya, ya yi rani guda yana zaune ba sana'a, tun daga ranar ya yi rantsuwa ba ya jan igiyar injinsa a gindin ɗanyen itace sai ya ga hatimi da idonsa. Na ce masa ai itacen a gidanmu yake. Kafin ya ba ni amsa, duk wanda ke kan bencin mai shayi ya zama alƙali. Wani direba ya ce abin da ke cikin gidanka ba ruwan hukuma da shi. Wani dattijo mai hular ƙube ya ce ɗorawa ko a tsakar ɗakinka ta tsiro sai da takarda. Wani ya ce in ta bushe ba komai, wani ya ce ai a kan busasshiyar ma aka fi kama mutane. Mai shayi, yana ta fifita shayi tsakanin kofuna biyu, ya ce duk ba su gane ba, magana tana ga abin da aka sare ta da shi, gatari daban, inji daban. Ana cewa matambayi ba ya ɓata. Ni ban ma yi tambayar ba, amma kafin in gama burodina na ɓata.

Tun da muna cikin gari, muka nemi ofishin malaman daji. Muka tarar da wani ma'aikaci mai haƙuri, ya ba mu kujera, ya yi min bayani tiryan-tiryan. Wallahi kowace jimla da ya faɗa na gane ta, sai da na zo haɗa su ne kaina ya ɗaure. Ya ce ɗanyen itace mai amfani, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, ba a kayar da shi sai da takarda, ko da a gonarka yake. Busasshe kuma sai malamin daji ya je ya gani, don akwai masu ɓare wa itace ɓawo ko su cinna masa wuta a gindi, in ya mutu su ce Allah ne. Wanda iska ta kayar, sanarwa kawai ake yi. Rage rassa kuwa, wanda su suke kira aski, ba ya buƙatar takarda, muddin ba a taɓa gindin ba. Shi injin yana da tasa takardar daban. In kuma ka ce za ka ɗora itacen a mota ka hau titi da shi, wannan wata takardar ce.

Na ce masa tamu ɗorawar ba ta faɗi ba, ba ta bushe ba, ba kuma lafiyayya ba ce, tsagewa ta yi. Ya yi dariya ya ce to tamu tana tsakanin rai da mutuwa ke nan, sai an gani. Maganar aski kuwa ko saurarenta ban yi ba, tun da mun riga mun yanke cewa kayarwa za a yi. Ya zayyana min yadda ake samun takardar. Mai itacen ne zai nema, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mai unguwa ya shaida cewa nasa ne. Malamin daji ya je ya duba, in ya gamsu ya shafa wa gindin fenti. Sannan a biya abin da aka yanka, a karɓi rasit, a kuma yi alkawarin dasa wasu a madadinsa. Na ce to bismilla, a fara. Sai ya tambayi sunan ƙauyen. Ina faɗa ya girgiza kai, ya ce ai mu ba a ƙarƙashinsu muke ba, rafin da ke kudu da garinmu shi ne iyaka, sai mu nufi ƙaramar hukuma ta gaba.

Muka kama hanyar Malumfashi. Wannan hanyar ta fi ta safe daɗin tuƙi, kuma ƙasar nan, ko a bazara, kana ganinta ka san ta noma ce. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ran nan shi ne yawan ɗorawa a gonaki. Ko'ina ka waiga ga ta tsaye ta baza inuwa, 'ya'yanta sun yi baƙi suna reto, mata da dogayen ƙugiyoyi suna fizgo su. Na riƙa kallonsu ina cewa a raina, ashe duk waɗannan kowace da takardarta.

A ofishi na biyu malamin daji ya fita zagaye, sai bayan azahar ya dawo a kan babur, fuskarsa duk gumi. Muka ci ɗanwake a bakin titi muna jiransa, mai yaji ƙwarai, har mai injin ya ce ko ba a yi aikin ba tafiyar ta biya. Malamin ya maimaita abin da na farko ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba, ya ba ni takardar da za a cike, ya nuna min gurbin mai itace da gurbin mai unguwa. Ya ce in an cike in kira shi, zai zo da fentinsa. Na duba rana na san wankin hula ya kai mu dare. Na kira matata na ce mata sai gobe.

Da la'asar muka shiga ƙauye. Tun daga nesa ɗorawar ce ke fara gaishe ka, kamar kullum. Da na matso na ga tsagar da idona sai na tarar ta fi yadda aka kwatanta min a waya, hannun mutum zai shige ciki har gwiwa. Kuma reshen da ya rankwafo ɗin shi ne ya fi kowanne 'ya'ya. A ƙarƙashinsa muka tarar da Gwaggo, ta ɗora tukunyar kalwa a murhu, tana gyara wuta. Daddawa ce sana'arta tun muna yara, kuma duk wanda ya tashi a gidan nan ya san warin nan kafin ya san sunansa.

“Babana, kai ne da rana haka?” Haka take kirana, saboda sunan mahaifinta aka sa min. Ta amsa gaisuwarmu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yara kowa da sunansa. Sannan idonta ya sauka a kan injin, ya daɗe a kai. Ni kuwa na tsuguna na kwashe mata labari kaf, shawarar da muka yanke, da ofisoshin da muka shiga, da fentin da za a shafa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “To. Allah ya ba da sa'a.” Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawarta ta ji, muka ci har da suɗi. A zaure muka kwana, ni dai rabin barci ne, kunnena yana ga iska.

Da safe na ɗauki takarda na nufi gidan mai unguwa, ina ganin aikin minti kaɗan ne. Bayan gaisuwa ya karɓa, ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa har ya iso gurbin mai itace, ya ga na rubuta sunana a madadin gida. Ya cire tabarau ya ce, “Alhaji, wannan ba zan iya shaidarta ba. Gida naku ne, ɗorawa ba taku ba ce.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a jikin dangarmu fa take.”

Ya ce ya sani, a inuwarta aka yi masa kaciya. Ya ce mu da muka daɗe a birni mun manta, a nan ƙasa daban take, itace daban. Mutum yana iya sayar da gona ya riƙe ɗorawar da ke cikinta, mai gona ya yi nomansa, mai itace ya zo ya kwashi kalwarsa, ba wanda zai ce wa wani kanzil. Kakanmu da ya taso daga Maska, a hannun wani Bamaguje mai suna Nomau ya sayi filin, kuma Nomau ƙasa ya sayar, bai sayar da itace ba. Da ya mutu gonaki suka tafi ga 'ya'yansa maza, ɗorawar ta faɗa a rabon 'yarsa Marka, wadda ta yi aure can yankin Malumfashi tun kafin a haife ni. Ya ce in kawo masa yatsan Marka, shi kuma ga hannunsa.

Na fito ina jin kamar an ce min gidan ma haya muke. Na koma na tambayi Gwaggo ko gaskiya ne ɗorawar a rabon Marka ta faɗa. Ta ce, “Haka aka yi.” Na ce tana nan da rai kuwa? Ta ce bara dai tana nan. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙunshi a ganye, an ɗaure da zare, ta ce tun da can za mu, in miƙa mata wannan. Warinsa kawai ya isa ya gaya maka daddawa ce, sabuwa. Muka bar mai inji yana barci a zaure, ni da ƙanena muka sake hawa titi.

Malumfashi ta cika ran nan, ga masu kai taki da iri, ga masu gyaran garma a bakin hanya suna ta ƙwanƙwasa. Mun sha fura mai kyau a kusa da tasha, mai nono sosai, sannan muka shiga tambaya. A nan na gane cewa neman Marka a ƙasar Maguzawa kamar neman Musa ne a kasuwa, duk yarinyar da aka haifa ana tsakiyar ruwa sunanta ke nan. Wani ya tura mu yamma, muka tarar da Markar ba ta wuce sa'ar matata ba. Wani ya ce wadda muke nema ta mutu, wani ya ce ba ita ba ce ta mutu, wata ce. Sai da na ambaci sunan Nomau da sunan ƙauyenmu wani tsohon mai sayar da igiya ya ce, “Ku ce min uwar Ranau mana!” Ashe ba wanda ya ƙara kiranta da sunanta tun da ta haifi ɗan fari. Mota ta kai mu bakin wani rafi mai yashi ta ce iyakarta ke nan, muka hau acaɓa muka ƙarasa.

Gidajen Maguzawa ba a cunkushe suke ba, kowane gida yana tsakiyar gonakinsa, kuma abin da ke fara cika maka ido shi ne rumbuna, manya-manya, an yi musu sabon jinka. Mata muka fi gani a gona, kowace da fartanyarta. Karnuka suka yi mana maraba irin tasu har wani magidanci ya fito ya tsawata musu, shi ne Ranau ɗin. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumbu, aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Ya ce mu sha hankali kwance, tulun baƙi ne, bai taɓa sanin giya ba. Ƙanena ya yi dariya har ya ƙware.

Aka fito da tsohuwar, 'yar ƙarama, tana dogara sanda, haƙoranta jajir da furen taba. Ban gama gaisuwa ba ta ɗaga hanci, ta miƙo hannu wajen aljihuna. Na ba ta ƙunshin. Ta kai shi hanci ta shaƙa, ta rufe ido, ta ce, “Tana nan ke nan.” Ta riƙe shi a ƙirji, sannan ta ce in faɗi abin da ke tafe da ni. Sai da na ɗaga murya, don kunnenta ya yi nauyi. Na faɗi tsagar, na faɗi damina, na faɗi malamin daji, na ciro takarda na nuna mata inda za ta dangwala.

Ta dube ni ta dubi ɗanta. Ta ce, “Izinina? Yo ni ina ni ina ba da izini bisa abin da ba nawa ba?”

Na ce mai unguwa ne ya ce tata ce.

“Awo, da tawa ce. Aradu na ba da ita tun gashina na baƙi.” Ta ce ita da Gwaggo ƙawaye ne tun suna 'yan mata, a gindin itaciyar nan suka yi wasansu. Shekarar da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gidan ubanta ba ɗa ba jika ba abin yi, ita Marka ta taka da ƙafarta har can, ta kama hannunta ta ɗora a jikin ɗorawar ta ce ta ba ta. Ba mai unguwa, ba shaida, su biyu ne sai rana. Abu ɗaya ta ce a riƙa yi mata, duk shekara daddawar farko a aiko mata. Ta ce yanzu ƙafa ta ƙi, ita ba ta iya zuwa, Gwaggo ba ta iya zuwa, wayar nan kuma da ake kara mata a kunne ba ta jin komai sai ƙugi. “Wanga ƙunshi shi ne gaisuwarmu. Ran da bazara ta wuce ban gan shi ba, na san ɗaya ta tahi, ko ita ko itaciyar.”

Na ce to ai Gwaggo ba ta faɗa mana tata ba ce. Tsohuwar ta ce, “Halan kun tambaye ta?” Sai na tuna. Na tambayi Gwaggo ne ko ɗorawar a rabon Marka ta faɗa, ta ce haka aka yi. Ban tambaye ta ta wace ce yanzu ba, balle in tambaye ta ko ta yarda a sare. Marka ta kwashe da dariya har tana buga sanda a ƙasa, ta ce ƙawarta tana nan da halinta, ta samu masu mota ne ta aike su. Da za mu tashi ta sa aka ɗebo mana gyaɗa a ƙwarya, sannan ta riƙe hannun rigata, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta tambaye ni ko da gaske reshen a kan ɗakin yake. Na ce da gaske. Ta ce, “To ka ce mata ni Marka na ce, na ba ta ɗorawa ta ci ne, ban ba ta ta danne ta ba.”

A hanyar dawowa raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina yawo tsakanin ofis da ofis, da rafi da karnuka, ashe mai itacen ita ce ta ba ni tuwo jiya. Na yi ta faɗa ƙanena yana tuƙi. Sai wajen Bakori ya ce, “Yaya, da ka ce mata a sare, wa ya ce maka za ta ce to?” Daga nan fushin ya koma kunya. Mu shida muka yi shawara a waya a kan itacen da take ci da shi, har da wanda ke Legas aka kira, ita ce kawai ba a kira ba.

Rana ta yi sanyi muka iso. Na cire takalmi na tsuguna a gaban Gwaggo, na ajiye gyaɗar, na ce, “Gwaggo, mun zo neman izini wurin mai ɗorawa.”

Ba ta ɗago ba, tana tsince kalwa a faifai. Ta ce, “Sai yanzu aka gano gidanta?” Na nuna mata gurbin dangwalawa. Ta dubi babban yatsanta ta ce wannan na murza kalwa ne, bai iya sa hannu a kashe abin da ya ciyar da shi ba. Na yi magiya, na kawo zancen iska, ta ce wanda kwanansa bai ƙare ba ko kuka ta faɗo masa zai tashi. Can na tuna da saƙon, na faɗa mata shi yadda aka ba ni, ban canza ko kalma ba. Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta daɗe tana kallon reshen, shi ne wanda ƙugiyarta ke iya kaiwa ba sai ta nemi mai hawa ba. Sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Ta faɗi haka? To a yi mata aski. Gindi kuwa, sai bayan raina.”

Washegari malamin daji ya zo a babur da gwangwanin fentinsa. Ya zagaya itacen, ya zura hannu a tsagar, ya ji abin da mai ita ta yanke, sai ya mayar da gwangwanin cikin jaka. Ya ce aski ba ya buƙatar takarda. Na ce wato duk yawon nan da na yi, da ma ba a buƙatar komai? Ya ce a'a, da kayarwa za a yi ana buƙata. Na ce to yanzu fa? Ya ce yanzu ba a buƙata. Na bar maganar a nan don kada kaina ya fashe. Mai inji dai bai yarda ba sai da malamin ya duba takardar injinsa ya kuma ce da bakinsa, a gaban mai unguwa, ya ja igiya. Abu ɗaya malamin ya faɗa mana da ban ji daɗinsa ba, amma na gode masa da bai ɓoye ba. Ya ce ɗaki ya tsira, tun da reshen da ya rage gona ya fuskanta, amma tsagar ta gangara cikin gindi. In ruwa bai shige ta ba za ta warke, in ya shiga za ta ruɓe daga ciki. Ba zai iya yi mana alkawarin za ta yi 'ya'ya baɗi ba.

Sai da matan gida suka tsige 'ya'yan reshen tas sannan aka ɗaure shi da igiyoyi, aka riƙa yanko shi gunduwa-gunduwa ana saukewa a hankali. Gwaggo ta juya wa aikin baya, ta zauna a bakin murhu har injin ya yi shiru. Da aka gama ta kwaɓa laka da kashin shanu da hannunta, ta sa aka hau aka shafe wurin yankan, aka cike tsagar. Ƙanena ya so mu ɗora 'yan gunduwoyi a mota, na ce ya rufa min asiri, wannan wata takardar ce. Muka jibge mata su a bayan ɗaki, da ma dafa kalwa ba abin da yake ci kamar itace.

Mun baro ƙauye bayan azahar. A Funtuwa ban yarda mun tsaya wurin mai shayin nan ba, don na san za a tambaye ni yadda aka ƙare, kuma kowa a bencin zai ce ai da ma shi ya faɗa. Muna wuce Giwa gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙarfi har mota tana rawa, sannan ruwan farko ya sauko, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Na sauke gilashi na bar shi yana dukan hannuna. Na yi shekara guda ban ji iska ta taso hankalina yana kwance ba sai ran nan. Da na shiga gida matata ta ce tuwon da na ce a ajiye ya gaji da jira.

In kun tambaye ni yau wane itace ne ke buƙatar takarda, zan iya jero muku ɗanye da busasshe da wanda iska ta kayar, amma kada ku riƙe ni da shi, ku je ku ji daga bakin malamin dajin yankinku, kuma ku fara tabbatar da wane gefen rafi kuke. Abin da na riƙe sosai shi ne, kafin ka nemi ofis ka nemi mai itacen, kuma ka fara da wanda ka tarar a zaune a gindinsa. Takardar tana nan a aljihun rigata, gurbin yatsan ba kowa a ciki.

Da muna sallama Gwaggo ta rako ni har bakin mota, abin da ba ta saba ba. Ta ce, “Babana, baɗi ka zo da mota, ban da inji.” In ɗorawar ta yi, akwai ƙunshin da zan kai. In kuwa ba ta yi ba, ita zan ɗauka in kai har gindin rumbun nan, don kada Marka ta zauna tana tunanin wace ce ta tafi a cikinsu.